Ina Masu Ba Jiragen Amurka Hanya Suka Tafi?

Ranar Litinin 28 ga Afrilun 2025, da rana tsaka, allon rada ya ɗauke a wani ɗaki da ke birnin Filadelfiya, rediyon da ake magana da matuƙa jirage ma ya yi tsit. Daga wannan ɗaki ake jan ragamar jiragen da ke tunkarar filin jirgin Newark da waɗanda suka taso daga can, kuma Newark na cikin manyan filaye uku da birnin New York ya dogara da su. Ba a kai minti biyu ba na'urorin suka dawo, Allah kuma ya kiyaye, ba jirgin da ya taɓa wani. Amma ga wanda ke zaune gaban allon, rayukan ɗaruruwan mutane a hannunsa, ba ya ganinsu ba ya jinsu, minti guda ba ƙaramin lokaci ba ne. Wasu 'yan ƙalilan daga cikin jami'an da ke ba jirage hanya suka ɗauki hutun da doka ta tanadar wa ma'aikacin da ya gamu da firgici a bakin aiki, wanda kan kai kwana 45.

Kafin mako ya zagayo, kamfanin United, wanda ya fi kowa jirage a Newark, ya soke zirga-zirga 35 ta zuwa da dawowa a kowace rana. Gaskiya ne akwai titin jirgi guda da aka rufe ana gyara a lokacin, amma babban abin da kamfanin ya yi kuka da shi shi ne rashin mutane a wancan ɗaki. A nan abin ya ɗaure kai. Hukumar FAA, mai kula da sararin samaniyar Amurka, tana sarrafa tashin jirage kimanin 45,000 a kullum. Ta yaya hutun mutanen da za a iya ƙirgawa da yatsu zai durƙusar da babban filin jirgi a ƙasa irin wannan?

Amsar farko tana cikin ɗakin. Sashen da ke kula da Newark ya kamata ya kasance da ƙwararrun jami'ai 38, amma 22 ne a ƙasa a lokacin. Inda dama ana ja da ƙyar, cire mutum uku ko biyar ya isa ya tsinka igiyar. Mai karatu zai ce, to a aro wasu daga Chicago ko Atlanta mana. Ba ya yiwuwa. Shaidar ƙwarewa a wannan aiki ta wuri ce: jami'in da ya yi shekara ashirin a Atlanta, in aka kawo shi Newark, ɗan koyo ne. Sai ya haddace hanyoyin sama na wurin, da tsayin da kowane jirgi zai riƙe a kowace kusurwa, da inda iyakarsa ta haɗu da ta maƙwabtansa masu kula da filayen Kennedy da LaGuardia. Wannan kan ci watanni, wani lokaci ya haura shekara.

Ko da an yarda a aro, a wurin wa? Tun a watan Yunin 2023 babban mai bincike na ma'aikatar sufuri ya duba cibiyoyi 26 da suka fi muhimmanci, ya iske 20 daga cikinsu ba su kai kashi 85 cikin ɗari na ma'aikatan da suke bukata ba. Cibiyar rada ta New York kashi 54 take da shi a lokacin. A faɗin ƙasar kuwa giɓin ya kai kimanin mutum 3,000, har jami'ai da yawa suna aikin sa'a goma a yini, kwana shida a mako. Ashe Newark tabon da ya fito fili ne kawai, ciwon yana ko'ina a jiki. Tambayar sai ta sauya: ina mutum dubu ukun nan suka shiga?

Zato na farko kuɗi ne, kuma ba ya daɗewa a tsaye. Matsakaicin albashin jami'in kula da zirga-zirgar jirage a Amurka ya haura dala 140,000 a shekara, ya ninka na matsakaicin ma'aikacin ƙasar fiye da sau biyu, kuma ba dole sai da digiri ake shiga ba. Masu nema ma ba su yi ƙaranci ba. A 2022 fiye da mutum 57,000 suka nemi gurabe kimanin 1,500.

Zato na biyu annobar korona, wannan kuma yana da ƙamshin gaskiya. A watan Maris na 2020 an rufe makarantar FAA da ke birnin Oklahoma na wasu watanni, aka kuma riƙa dakatar da koyarwa a cibiyoyi don kada cutar ta kama ƙwararrun da ke riƙe da aiki. Sai dai wani kwamitin masana da FAA ta kafa da kanta ya bayyana a watan Nuwamban 2023 cewa ƙwararrun jami'ai sun ragu da kusan 1,000 idan aka kwatanta da 2012, kuma raguwar ta faro tun kafin a ji sunan korona. Annobar ta tarar da mara lafiya ne a kwance.

Idan aka bi sawun raguwar baya, za a ci karo da shekaru biyu. A 2013 rikicin kasafin kuɗi tsakanin Majalisa da fadar shugaban ƙasa ya jawo zaftare kuɗin ma'aikatu, FAA ta dakatar da ɗaukar sababbi na tsawon watanni, makarantar Oklahoma ta zauna ba ɗalibai. Daga 22 ga Disamban 2018 zuwa 25 ga Janairun 2019 kuma ayyukan gwamnati suka tsaya cik na kwana 35, aka sake rufe makarantar. To amma ma'aikatu da yawa sun sha wannan dakatarwa, suka farfaɗo. Me ya sa rufe aji na 'yan watanni zai bar rauni a wannan hukuma har bayan shekara goma? Dole akwai wani abu da ke faruwa a ɗaya ƙofar, wadda ake fita, a daidai lokacin da aka kulle ta shiga.

A nan ne dokokin shekaru suka shigo, kuma su ne mabuɗin. Wanda bai taɓa aikin ba, dole ya nema kafin ya cika shekara 31. Dole kuma ya sauka daga kujerar idan ya kai 56, bisa dokar da aka yi tun 1972. Yana da damar yin ritaya da cikakken haƙƙi yana ɗan shekara 50 in ya yi shekara 20 yana aiki, ko kuma a kowane shekaru in ya cika 25 a bakin aiki. Ma'ana, ranar da aka ɗauki mutum, ana iya rubuta shekarar da zai fara shirin tafiya, da shekarar da ko yana so ko ba ya so sai ya tafi. Samun aikin da lissafin gobensa ya kai wannan sauƙi sai an tona. Abin da ya rage shi ne a duba yaushe aka ɗauki mafi yawansu.

Ranar 3 ga Agustan 1981, kimanin jami'ai 13,000 na ƙungiyar ƙwadago ta PATCO suka tsunduma yajin aiki, ƙarƙashin shugabansu Robert Poli. Suna neman ƙarin dala 10,000 a shekara, da rage aikin mako zuwa sa'a 32, da gyaran tsarin ritaya, domin a cewarsu kaɗan ne ke kai ƙarshen aikin da lafiyarsu. Doka ta haramta wa ma'aikatan gwamnatin tarayya yajin aiki. Shugaba Ronald Reagan, wanda ƙungiyar ta mara wa baya a zaɓen 1980, ya ba su sa'a 48 su koma. Kimanin 1,300 suka koma. Ranar 5 ga Agusta aka kori 11,345, aka kuma haramta sake ɗaukarsu. Sai a 1993 Shugaba Bill Clinton ya ɗage haramcin, kuma 'yan ɗaruruwa ne kawai suka dawo.

An cike gurbin na wucin gadi da shugabannin sassa da jami'an soja, aka rage jirage, sannan aka buɗe ƙofa aka yi ta kwasar matasa. Kusan shekara goma aka ɗauka kafin adadi ya koma yadda yake. Masu rubutu kan 1981 sun fi mai da hankali kan abin da ya yi wa ƙungiyoyin ƙwadago, kuma sun yi daidai. Amma ya bar wani gado da ba a gani a lokacin. Makiyayin da ya rasa garkensa a dare ɗaya, ya je kasuwa ya sayo karsana zalla sa'annin juna, zai yi shekaru yana murna da nono, har ya manta da kiwon 'yan maruƙa. Shekarar da za su tsufa kuwa, tare za su tsufa. Haka FAA ta wayi gari da ma'aikata kusan duk tsara ɗaya. Cikin shekarun 1990 ba ta da bukatar ɗaukar mutane da yawa, saboda ba mai tafiya. A ƙara 25 a kan 1981, a ga inda aka sauka: 2006.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan labari shi ne ba a ɓoye yake ba. Ranar haihuwar kowane jami'i da ranar da ya kama aiki suna cikin fayil ɗinsa. A watan Yunin 2002 ofishin GAO, mai bincike a madadin Majalisa, ya fitar da rahoto cewa kimanin jami'ai 5,000 daga cikin 15,000 na iya barin aiki cikin shekara biyar. Ya kuma sa yatsa a kan ainihin kuskuren: al'adar FAA ita ce sai mutum ya tafi sannan a ɗauki madadinsa, ɗaya ya fita ɗaya ya shiga. A takarda lissafin ya daidaita. A ɗakin rada kuwa, wanda ya fita ƙwararre ne, wanda ya shigo kuma ba zai iya zama shi kaɗai gaban allo ba sai bayan shekara biyu zuwa uku, a wurare masu wuya ma fiye da haka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk da wannan gargaɗi, a shekarar kuɗi ta 2004 mutum 13 kacal hukumar ta ɗauka. Sai a Disamban 2004, bayan Majalisa ta tilasta mata, ta fito da shirin ɗaukar 12,500 cikin shekara goma, tana amsa cewa kusan kashi uku cikin huɗu na jami'anta za su cancanci ritaya a tsawon lokacin.

Ana cikin haka aka ƙara wa wutar mai. A watan Satumban 2006, da tattaunawa ta rushe tsakanin hukumar da NATCA, ƙungiyar da ta gaji PATCO tun 1987, FAA ta ƙaƙaba nata sharuɗɗan aiki, ta rage albashin sababbin shiga da kusan kashi 30 cikin ɗari, ta tsayar da ƙarin albashin tsofaffi da yawa. Mutumin da ya riga ya cancanci fansho, aka kuma ɓata masa rai, me zai zaunar da shi? Waɗanda da za su iya ƙara shekara huɗu ko biyar suna koyar da na baya suka tattara nasu ya nasu, fiye da yadda hukumar ta yi hasashe. Ba a sasanta ba sai 2009.

Zuwa nan kamar an kama ɓarawo, amma da sauran rina a kaba. 'Yan tsarar 1981 kusan duk sun tafi tuntuni. FAA kuma ta ɗauki dubbai daga 2006 zuwa gaba, kuma a 'yan shekarun nan tana cika alƙawarinta: 1,512 a 2023, sai 1,811 a 2024, sai sama da 2,000 a 2025. Me ya sa adadin ƙwararru ya ƙi motsi daga kusan 11,000? Kwamitin 2023 ya ma yi lissafin cewa in aka bi shirin da ke ƙasa a lokacin, ƙarin da za a samu zuwa 2032 ba zai kai mutum 200 ba. Ana zuba ruwa, tulu ba ya cika. Don gane dalili sai an shiga ɗakin an tsaya bayan ɗan koyo.

Kafin ya iso nan ya ci jarrabawar basira, ya tsallake gwajin lafiya da na ƙwaƙwalwa da binciken tsaro, ya yi watanni a Oklahoma, inda kimanin ɗaya cikin uku ba sa kai labari. Yanzu ga shi a ɗaki mai duhu, ba taga, gabansa allo cike da ɗige-ɗige masu motsi, kowane ɗigo da lambar jirgi da tsayinsa da gudunsa. Ya sa abin sauraro a kunne, ya soka wayarsa a jikin tebur. Kusa da ramin da ya soka akwai wani rami, a nan malaminsa ya soka tasa, kuma an yi na'urar yadda in malamin ya danna, muryarsa ce za ta danne ta ɗalibin. Jiragen na gaske ne, mutanen ciki na gaske ne. Ɗalibi ya ce wa matuƙi ya sauko zuwa ƙafa dubu huɗu, malamin yana tsaye a bayansa yana auna ko ya bar shi ya gano kuskurensa da kansa nan da daƙiƙa biyar, ko ya karɓe yanzu. In aka yi kuskure, a wuyan malamin yake. Bayan an tashi sai su zauna su bi abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya, malamin ya cike takardar rahoto. Haka za a yi ta yi na ɗaruruwan sa'o'i kafin a yaye ɗalibin a wannan kujera guda, sannan ya koma ta gaba ya faro.

Wane ne malamin nan? Ba wani aka ɗauko daga waje ba. Ɗaya ne daga cikin ƙwararrun nan da dama ba su isa ba, wanda watakila yau ne kwanansa na shida a jere. Na'urar kwaikwayo tana rage hanya, tsofaffin jami'ai da aka ɗauka kwangila suna taimakawa a aji, amma a kan jirage masu rai, ƙwararren wurin ne kaɗai ke iya yaye wani. Kuma ranar da mutane suka yi ƙaranci har aka haɗa kujeru biyu a hannun mutum ɗaya, ko hadari ya taso jirage suka cunkushe, abin da ake fara ajiyewa shi ne koyarwa. Cibiyar da ta fi bukatar sababbin hannu ita ce ta fi kasa samar da su. Wannan ne ya sa tsohuwar cibiyar New York da ke Long Island ta yi shekaru tana karɓar ɗalibai mafi yawansu suna faɗuwa, ga tsadar rayuwa da ke hana ƙwararrun wasu wurare neman canji zuwa can, har FAA ta yanke shawarar ɗauke sashen Newark ta mai da shi Filadelfiya a watan Yulin 2024.

Da wannan ake gane abin da ya sa 2013 da 2019 da 2020 suka yi mummunan tasiri. Ajin da ba a yi ba a 2013 ba ɗalibai kawai aka rasa ba, an rasa malaman 2018. Ba a kuma iya rama shi ta hanyar ninka ɗalibai a shekara mai zuwa, domin makaranta tana da iyakar kujeru, cibiyoyi kuma suna da iyakar malamai. Ɗaliban da aka tura fiye da ƙima sai su yi layi suna jira, abin da suka koya yana dusashewa, wasu su gaji su bar aikin. Kuma duk wannan ya faɗo ne a shekarun da ragowar 'yan tsarar 1981 ke cika 56.

Akwai tambaya ta ƙarshe: me ya sa ƙararrawa ba ta yi ƙara da wuri ba? Saboda an daɗe ana ƙirga abu biyu da suna ɗaya. In hukumar ta ce tana da jami'ai kimanin 14,000, har da 'yan koyo a ciki, waɗanda a zahiri cin lokacin ƙwararru suke yi. Ma'aunin da ta daɗe tana kai wa Majalisa na yawan mutanen da kowace cibiya ke bukata kuma ya fito ne daga ɓangaren kuɗi na hukumar. Da aka haɗa masu gudanar da aikin da wakilan NATCA suka bi cibiya-cibiya, suna sa lokacin koyarwa da hutu da rashin lafiya a lissafi, sai suka fito da bukatar ƙwararru sama da 14,600. Tsakanin wannan da kusan 11,000 da ke akwai, ga dubu ukun da ake nema, har da ɗoriya. Ba wani wuri suka tafi ba. Mutane ne da ya kamata a ɗauka a 2003 da 2004 da 2013 da 2020, da waɗanda su kuma da sun yaye. A ganina, duk sashen kula da ma'aikata da ke kai wa shugabanni adadin kawuna ba tare da shekarun masu kawunan da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a samu madadinsu ba, ya ba su rabin labari ne, kuma rabin da ya fi daɗin ji.

Dokar da Majalisa ta yi wa FAA a watan Mayun 2024 ta umarce ta da ta riƙa ɗaukar iyakar abin da makarantarta za ta iya ɗauka. An ba wasu kwalejoji izinin koyar da darussan Oklahoma don ɗalibansu su wuce kai tsaye zuwa cibiyoyi. A 2025 sakataren sufuri Sean Duffy ya ƙara albashin ɗaliban makarantar da kashi 30 cikin ɗari, ya rage matakan ɗaukar aiki daga takwas zuwa biyar, aka kuma sa tukuici ga waɗanda suka isa ritaya in sun yarda su ƙara zama. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne dacewa da ciwon, don malamai yake tsarewa. Sai dai a watan Oktoban 2025 ayyukan gwamnati suka sake tsayawa, wannan karon na kwana 43, jami'ai suna aiki ba albashi, har FAA ta ba da umarnin rage jirage a manyan filaye 40.

Lissafin shekarun kuwa yana nan yana tafiya. Waɗanda aka kwasa da yawa daga 2006 zuwa 2009 don maye gurbin 'yan 1981 sun fara cika shekara 20 a bakin aiki daga 2026, kuma duk wanda ya kai 50 a cikinsu ƙofa a buɗe take gare shi. Daga 2031 za su fara cika 25. Wanda zai zauna a kujerar mai tafiya a 2031 ya kamata ya kasance a Oklahoma a 2027 ko 2028, kuma mai tafiyar ne zai koyar da shi. Dubban da ake ɗauka yanzu a 'yan shekaru kaɗan su ma tsara ɗaya ne, za su cika shekara 25 tare a wajajen 2050.